Kwanon da Abba Ya Suɗe

Magariya

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Dungas lafiya, ke da jaririya, kun tarar da maigidanki Isufu lafiya. Allah ya sa kun shiga gidan da ƙafar dama, ya haɗa ku da maƙwabta masu rufa asiri, ya tsare ku daga sharrin hanya, da na ruwan da cikinku bai saba da shi ba, da na bakin mutane. Mu nan ƙalau muke. Labarin gari ba zan ba ki ba, wayarki ta riga ni.

Na ɗauki biro da takarda ne don na san halinki. In na kira ki, tun ban kai tsakiyar magana ba kin fara jera mini "to Mama, to Mama" kamar mai korar kaji. In na aiko da saƙon murya, na ga yadda kike danna wurin nan da ke sa mutum ya yi magana da gudu kamar an biyo shi. Takarda ba ta da wurin dannawa. Ki nemi wuri ki zauna. Fushi nake da ke, kuma ina so ki ji shi a hankali.

Ranar da za ki tafi kin bar mini Abba, kin ce mako guda ne, kafin ki gama jera ɗaki. Na ce to. Da la'asar na buɗe jakarsa in ɗauko masa wandon sauyi, sai na tarar da kayan Sallarsa a ninke, da rigar sanyi alhali muna tsakiyar bazara, da katin allurar rigakafinsa, da takardar haihuwa a cikin leda. Can ƙasa kuma ga takalmin nan da ubansa ya sayo ya yi masa yawa, wanda sai baɗi ƙafarsa za ta cika shi. Na daɗe ina saukar baƙi a gidan nan, ban taɓa ganin baƙon mako guda da ya zo da takalmin baɗi ba.

Da na kira ki na tambaya, kika yi 'yar dariyar nan taki, kika ce ai al'ada ce, ɗan fari na kakarsa ne, kuma tunda a hannuna kaɗai yake yarda ya ci abinci, zamansa a nan ya fi masa. Na yi murna da jin kin gano al'ada. Ke da kika zo gida haihuwa kika ce wankan ruwan zafi zalunci ne, kika ture kunun kanwa, kike kiran sunan ɗan farinki gatsau a gaban uwar mijinki har ita ce ke sunkuyar da kai a madadinki. Ban hana ki ko ɗaya ba, wasu ma ni na koya miki. Amma ba a jingine al'ada a bayan ƙofa kamar lema, sai ranar da ruwa ya sauko a tuna da ita. Gaskiyar magana, kin gaji da yaƙi da yaron nan a kan kwano, ya kayar da ke, kika gudu, kika nemo wa gudun suna mai kyau.

Na gane wannan gudu ne domin na riga ki yin sa. Duk abin da kika yi wa Abba na yi wa yayanki Laminu, kuma na yi shi da difloma a hannu.

Lokacin da na dawo daga jami'a a Yamai aka ba ni aji ina koyar da ilimin halittu, na dawo da imani guda, cewa duk abin da ake yi a gidajenmu kuskure ne har sai littafi ya wanke shi. Yaran gida suna zagaye kwano ɗaya a kan tabarma, kowa na ganin yara suna cin abinci, ni ina ganin ƙwayoyin cuta. Na saya wa Laminu farantinsa da cokalinsa da 'yar kujera. Sannan na yi abin da ba a taɓa yi wa yaro a danginmu ba, na durƙusa na tambaye shi me yake so ya ci. Ɗan shekara uku. Ya dube ni, ya gane an naɗa shi sarauta, bai ƙara sauka ba. A kwanon taro yaro ba shi da lokacin ra'ayi, in ya tsaya nazarin ganye ɗan'uwansa ya kai loma biyu. Amma a farantinsa shi kaɗai, ga uwa tsaye a kansa riƙe da cokali tana kallon bakinsa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, yana da yini guda cur na cewa a'a. A watannin da kika yi a gidana bayan haihuwa na ga wannan tsayuwa a jikinki, har hannun da kike sa wa a ƙugu irin nawa ne. Saboda haka a Dungas ki shimfiɗa tabarma, ki zuba a kwano ɗaya, ki zauna ki ci tare da shi, ci na gaske irin na mai jin yunwa. Ki ɗauke idonki daga bakinsa. In maƙwabta suna da yara ki kira su su sa hannu. Kada ki sake tambayarsa abin da yake so. Ki gaya masa abin da aka dafa.

Mulkin Laminu ya tafi har ya tsaya a kan abu ɗaya, dankalin turawa. Soyayye, ko dafaffe a murƙushe shi da ɗan mai da madara, abin da muka koyo a makarantar kwana da sunan pire. Miyar kuka a'a, kuɓewa a'a, duk abin da ke da alamar kore a'a. A lokacin dankalin turawa ba abincin kowace rana ba ne a Magariya, sai an shiga kasuwa an nema, wani lokaci sai an yi saƙo daga tsallaken iyaka. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya kan ce ya auri malama ya haifi gwamna. Ni kuwa ina tsaye gaban allo da safe ina zana wa 'ya'yan mutane amfanin ganye a jiki, da rana in dawo in tarar da nawa ɗan ya rame, wuya kamar na zabo. Sai dabara ta zo mini, na ɗauka ni na ƙirƙiro ta, in ɓoye ganyen a cikin dankalin. Ke kin samo taki daga matan nan na cikin waya, masu girki a farin ɗaki da babu hayaƙi babu ƙuda, waɗanda 'ya'yansu ke cinye komai suna murmushi saboda an kunna kyamara. Ni ko wannan uzurin ba ni da shi.

Kada ki ɗauka ina zagin dabarar. Sa ganye cikin dankali ba laifi ba ne, kuma ba Turawa suka fara ba. Mece ce miyar kuka in ba ganyen da aka daka har ya manta shi ganye ne ba? Tunda za ki ci gaba da yi, gara ki yi shi daidai, domin na ga aikinki kuma aikin gaggawa ne. Kabewa da dankalin Hausa 'yan ɗaki ɗaya ne, ki dafa su tare ki murƙushe, zaƙinsu ɗaya, babu mai raba su. Karoti ki goge shi a magogi, ki zuba tun wajen soya albasa, ya narke cikin faten dankali ya bar launi kawai. Shu, wanda mutanen tsallake ke kira kabeji, ki ɗauki farin cikinsa ki yanka siri-siri, ki soya a wuta kaɗan har ya yi laushi, sannan ki haɗa da murƙushen dankalin turawa, ki dunƙula, ki tsoma a ƙwai, ki soya. Kuɓewa kada ki kusanta, yauƙinta ba ya riƙe amana. Yakuwa da rama tsaminsu yana shiga ɗaki kafin su. Zogale kuwa, shi ne ya kai ki ƙasa, ba ya ɓoyuwa. Yana rina tukunya, kuma in ba a zauna an tsige shi ganye-ganye ba, tsinkensa yana nan ko an yi masa daka bakwai. Ke kika zage shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan waya.

Amma ba tsinken ne ya ɓata ki da ɗanki ba. Ina ɗaki ranar, ƙofa a buɗe, na ji komai. Kin ajiye masa ƙwallayen dankalin nan da kika soya, ya shinshina, ya tambaye ki ko akwai ganye a ciki. Da kin yi shiru, ko kin ce ya ci ya gani, da yau ban ɗauki biro ba.

Kika ce: "Wallahi babu."

Yaron da bai daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, wanda ya dawo yana gaya mana da ido waje abin da malam ya ce yana samun mai rantsuwa da Allah a kan ƙarya. Ya yarda da ke ya ci. A ƙwallo na biyu ya tsaya, ya sa yatsa a baki, ya zaro tsinken zogale, ya ɗaga shi yana kallo. Bai yi kuka ba, ni da ya yi kukan ma da ya fi mini. Ya ajiye tsinken a bakin faranti kamar mai ajiye shaida gaban alƙali, ya tashi ya fita. Tun daga ranar kin ga yadda ya koma. Ƙosai sai ya fasa ya leƙa cikinsa. Fura sai ya juya ludayi ya duba ƙasan ƙwarya. In daga hannunki abu ya fito, ko dabino ne, sai ya kawo mini in duba masa. Kika ce yaron ya cika taurin kai. Ni abin da na gani shi ne yaro mai hankali da ya yi gwaji sau ɗaya ya riƙe sakamakon. Da ɗalibina ne da na ba shi maki mai kyau.

Ni ban rantse wa Laminu da Allah ba, a lokacin ina ganin rantsuwa ta marasa hujja ce. Na dai dube shi cikin ido na ce babu komai a piren sai madara. Akuya ce ta tona ni. Ya fita tsakar gida ya gan ta tana cin ɓawon shu da na zubar mata, ya dawo ya tambaye ni, to ina cikinsa ya tafi? Na ce na ba maƙwabta. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko arha. Daga nan dankalin ma ya daina ci, abinci ɗaya da ya rage mana. Ki riƙe wannan: ki sa abin da za ki sa a tukunya, tukunyarki ce. In bai tambaya ba, ba dole ki yi shela ba. In ya tambaya, ki faɗa masa gaskiya, ko da zai ture kwanon. Wanda ya ture kwano yunwa za ta dawo da shi da la'asar. Wanda ya daina yarda da hannun uwarsa ban san abin da ke dawo da shi ba, na daɗe ina nema.

Akwai kuma maganar Isufu, ki karanta masa wannan wurin in kin ga dama. Suruki ba ya cin abinci a gabana, amma kwanonsa wurina yake dawowa. Duk zuwan da ya yi duba ku, kwanon yana dawowa da karoti da shu an tsince su an jera a gefe, tsaf, kamar za a sayar. Ma'aikacin gona ke nan, wanda aka tura Dungas ya koya wa mutane noman lambu. Abba yana zaune kusa da shi yana kallon hannunsa. Babanku ma haka yake, ya kan ce ganye na awaki ne, yana faɗa yana dariya, ni kuma na ƙyale shi don ina ganin raha ce. Yaro ba ya jin lacca, hannun ubansa yake karantawa. Ki gaya wa maigidanki, cikin ladabi yadda aka koya miki, cewa in har yana so ɗansa ya ci abin lambu, ya fara haɗiye nasa. In ba zai iya ba, ya ci a zaure.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ajiye fushin nan.

Ina da cikinki aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Waca. Ga laulayi, ga sabon wuri, ga yaro da ba ya cin komai sai biskit. Kakarku ta Yekuwa, uwar babanku, ta zo duba mu, ta ga wuyan Laminu, ta ce a ba ta shi, ai dama ɗan fari nata ne, ita ta yi kawaici. Ni da na yi shekaru ina gaya wa kowa cewa riƙo tsohon yayi ne, a ranar na ga hikimar magabata. Na haɗa masa kaya, har da na sanyi. Bayan 'yan watanni labari ya fara zuwa, Laminu yana cin tuwo da miyar kuka, yana cin kwaɗon rama, yana cin tafasa, yana suɗe kwano. Da muka je ganinsa na tarar ya yi kumatu. Kowa ya yaba wa tsohuwa, ni ma na yaba, na ce tunda wurin ya karɓe shi a bar shi. Kin tashi kina jin wannan labari a gidan nan, yadda ƙauye ya gyara yayanki. Ni na riƙa ba ku shi. Ina zaton da shi kika yi guzuri ranar da kike cusa takalmin baɗi a jaka.

Bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga kwaleji, kuma ajina aka sa shi. 'Yan aji suna ce mini Madam, shi ma ya ce Madam. A gida ma Madam. Na ɗauka zai bari in an kwana biyu. Yau yana da mata da 'ya'ya uku da furfura a gemu, kin san yadda yake kirana. Ku kuna dariya, kuna ganin wasa ne tsakaninmu. Ni ma ina tayawa.

A kwanakin farko bayan tafiyarki, Abba yana cin abinci a wurina yadda ya saba, wato da bincike. Ya kan tambaye ni me ke ciki, in lissafa masa: dankali, kabewa, albasa, zogale. Ya ce ba ya son zogale. In ce maigidana, ai ba a yi wa maigida dole, tsince ka ajiye. Ya tsince abin da ya gani, abin da bai gani ba ya wuce. Ni ban damu ba, haka ake farawa. Sai kwatsam ya sauya. Na zuba mana faten dankali da zogale a fili, kore shar, ya sa hannu ya cinye bai tsince ko ɗaya ba, ya suɗe kwanon da yatsa. Ya ɗauko wayata ya ce in ɗauki hoton kwanon in aika wa Mama. Na aika. Kin tuna amsarki, 'yan hotunan hannuwa masu tafi guda uku, da cewa kin gani Mama, wurinki ya fi masa. Washegari ma haka, wani kwanon, wani hoton. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na ce ashe hannuna bai mutu ba.

Ran nan Laminu ya biyo da azahar daga wajen duba dabbobi, ya tarar muna ci, ya zauna ya sa hannu. Can na ga ya daina ci yana kallon yaron. Ya ce mini a hankali in duba, Abba ba ya taunawa, haɗiya yake, kuma duk loma sai ya dubi ƙofar gida. Na duba, haka ne. Ni mai alfahari da ido, kwana da kwanaki abin yana gabana ban gani ba. Da yaron ya tashi wanke hannu, Laminu ya tambaye ni ko na tuna abin da na gaya masa a tasha ranar da za a tafi da shi Yekuwa. Na ce ban tuna ba, kuma da gaske ban tuna ba.

Ya ce: "Cewa kika yi, in na koyi cin abinci kamar mutane za ki zo ki ɗauke ni. Shi ya sa nake cinye komai, Madam. Ramar nan har amai take sa ni, in je bayan rumbu in yi in dawo. Da kuka zo kuka ga na yi ƙiba na ɗauka shi ke nan, har na ɗaure kayana. Sai na ji kina cewa tunda wurin ya karɓe ni a bar ni."

Yana faɗa yana murmushi, kamar labarin wani yake bayarwa. Na kira Abba na tambaye shi me Mama ta ce masa a bakin mota. Ya ce kin ce ya zama yaron kirki ya riƙa cinye abincinsa, in ya yi haka za ki zo. Sannan ya tambaye ni ko hotunan suna isa, ko kuwa rezon waya ne babu a Dungas.

Na san ba da mugunta kika faɗa ba. Magana ce irin ta bakin mota, wadda uwa ke jefawa don yaro ya saki zanenta. Ni ma haka na jefa tawa na manta. Amma ki dubi abin da muka ƙulla, ni da ke. In ya ƙi ci, an bar shi don ba ya ci. In ya ci, an bar shi don wurin ya karɓe shi. Ta ina yaron zai fita? Yana can yana haɗiye abin da yake ƙi don ya sayi hanyar komawa wurin uwarsa, uwar kuma tana aiko masa da tafi.

Ba zan riƙe shi ba, Zuwaira. Ba don ba na son sa ba, kin san gidan nan shiru ne in ba shi. Ba kuma don riƙo haramun ne ba, akwai waɗanda aka riƙa suka ji daɗi, waɗanda aka bayar don ƙauna. Wannan ba a bayar da shi don ƙauna ba, an ajiye shi ne kamar tukunyar da ta ƙone aka jiƙa a bayan ɗaki. Na yi wannan sau ɗaya da ɗana, ba za a yi na biyu da hannuna ba. Laminu zai shigo Dungas ranar kasuwa wajen aikinsa, shi zai kawo miki takardar nan, kuma hannunsa ɗaya yana riƙe da Abba. Kada ki ce ɗaki bai gama jeruwa ba. Yaro ba kwabar jera kwanuka ba ne da sai an nemo masa bango.

In sun iso, kada ki tare shi da girki na musamman, kada ki soya komai a dunƙule. Ki ja shi gefe, ba a gaban baƙi ba, ki gaya masa ranar nan akwai zogale a cikin dankalin, kin ce babu, kin yi ƙarya, kuma kin yi kuskure da kika haɗa da sunan Allah. Na sani a garinmu uwa ba ta ba ɗa haƙuri, sai dai ta ƙara masa nama a miya. To ke da ba ki damu da al'ada ba sai ranar ruwa, wannan ma ki tsallake ta. Sannan ki gaya masa da baki, a fili, cewa ko ya cinye ko bai cinye ba, nan ne gidansu, babu inda za a kai shi. Ki shirya, zai gwada ki. Zai bar abinci ya zuba miki ido ya ga ko za a haɗa jaka. Zai yiwu ya ɗan rame. Ki daure, ki kai shi likita a auna shi in hankalinki bai kwanta ba, amma kada ki yi ciniki da shi a kan loma, ko da alewa ce, balle da kanki.

Na sa wa Abba kabewa guda, ba a yanka ba, shi zai rungume ta a mota. Na gaya masa ta shiga dankalin Hausa ce, ya ce ya sani, ya gan ni ina yi. Ki bar shi ya kwashe 'ya'yan cikinta da hannunsa, yana son wannan aikin. Akwai kuma ƙullin zogale busasshe, na tsige shi da kaina, babu tsinke. Ki nuna masa kafin ki zuba. In ya ce a'a, ki zuba a gefe ɗaya na kwanon, ki ci gefen.

Ranar da Laminu ya faɗi maganar nan na ba shi haƙuri. Bai zo mini da sauƙi ba, na fi iya gyara kuskuren mutane da jan biro. Ya ce ya wuce, Madam, ai an daɗe. Bai canza sunan ba, ban kuma roƙa ba. Amma jiya ya sake biyowa, na zuba masa dankali da miyar shu. Ina kallonsa ya tsince shu ɗin ɗaya bayan ɗaya ya jera a bakin kwano. Mutumin da tun dawowarsa daga Yekuwa ban taɓa ganin ya rage ko ƙwayar shinkafa a gidana ba. Ya ɗago ya ce shi fa bai taɓa son abin nan ba. Na ce na sani. Na kwashe na kai wa akuya.

Kayan Abba duk na mayar cikin jaka, da katin allura da takardar haihuwa. Takalmin baɗi kaɗai na riƙe. In an yi hutu ku zo tare, ya gwada shi a nan, ya koma da shi a ƙafarsa.

Ki gaishe da Isufu, ki shafa mini kan jaririya. Allah ya kawo su Laminu lafiya, ya tsare mota da direba, ya tsare ku a inda kuke kwana da inda kuke yini. Allah ya sa albarka a tukunyarki, ya ba ki haƙurin da ban yi ba, ya sa ɗanki ya ci daga hannunki ba tare da ya leƙa ba. Fushina zai huce, kin san ba ya kwana da yawa. In ya iso ki kira ni, ki ba shi wayar. Hoton kwano kuma kada a aiko mini.

Wassalam.

Mahaifiyarki